Dajin Da Aka Bari A Bakin Tafki Ba Asara Ba Ne

'Yan'uwa manoma, akwai wata magana da a kan yi in an ambaci dajin da gwamnati ta keɓe domin mutane su je su huta. A kan ce abin masu kuɗi ne, an bar ƙasa kwance ba noma ba kiwo. Mu dai ba mu yarda da wannan magana ba. Dalilinmu kuwa za mu ɗauko shi daga wani wuri mai nisa da a ke kira Itaska, a Jihar Minesota ta arewacin Amurka, wadda ta yi iyaka da Kanada.

Ƙasar sanyi ce ƙwarai. Da hunturu tafkuna su kan daskare su zama ƙanƙara, har mutum ya yi tafiya a kai, ya huda rami ya jefa ƙugiya. Manyan itatuwan dajin su ne waɗanda Turawa ke kira fayin. Dogaye ne miƙaƙƙu, ganyensu kamar allura, ba sa kaɗewa ko da sanyi. Girman gandun ya haura eka 32,000, tafkunan da ke ciki kuwa sun fi 100. Babban cikinsu shi ne tafkin Itaska, kuma daga bakinsa ne kogin Misisifi ya ke farawa. Wanda ya je zai ga ɗan rafi da yara ke tsallakewa a kan duwatsu. Wannan ɗan rafi shi ne ya kan yi tafiyar fiye da mil 2,300 kafin ya faɗa teku, yana ɗauke da jiragen hatsi. Mutane wajen rabin miliyan ke zuwa kowace shekara. Waɗansu su kafa tanti su kwana, waɗansu su tuƙa kwalekwale, waɗansu su kama kifi.

To, yaya aka yi dajin ya tsira? A ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin katako suna cin dazuzzukan Minesota kamar fara. Wani mai awon ƙasa, Jacob Brower, ya ga in ba a yi wani abu ba tushen kogin zai zama fili fetal. Ya matsa wa majalisar dokokin jihar, har ran 20 ga Afrilu 1891 aka yi dokar keɓe wurin. Da ƙuri'a ɗaya tak dokar ta tsallake. Da mutum guda ya sāke ra'ayi, da yau ba mu da labarin da za mu ba ku.

Amma doka a takarda ba ta tare gatari. A 1903 masu katako sun datse kogin a ƙasa da tafkin domin ruwa ya taru ya kwashe musu gungumai. Ruwa ya hau, ya soma cin saiwar itatuwan bakin tafki. Mai kula da gandun a lokacin wata budurwa ce 'yar shekara 24, Mary Gibbs, wadda aka naɗa bayan rasuwar mahaifinta. Ta je madatsar ta ce a buɗe. Aka tare ta da bindiga, duk da haka ta ɗora hannunta a kan ƙarfen buɗe ƙofar. Daga baya aka buɗe, ruwa ya sauka. Ba ta daɗe a kan aikin ba bayan wannan, kuma an ci gaba da sara a waɗansu sassan gandun har shekaru. Abin da ya tsira dai shi ne baƙi ke zuwa gani yau, da itatuwa masu shekara 200 har 300. Gidan karɓar baƙi da ke kusa da tushen kogin sunanta ya ke ɗauke da shi.

Ga abin da mu ke so a lura da shi. Katakon da aka sare an sayar, kuɗin ya ƙare tun zamanin kakanni. Itacen da aka bari kuwa yana nan yana riƙe da ƙasar bakin ruwa, yana kuma kawo ciniki kowace shekara ga masu abinci, da masu masauki, da masu hayar kwalekwale. Ko a shekarun 1930, lokacin da aikin yi ya yi wuya a Amurka, gwamnati ta kai samari marasa aiki can suka yi hanyoyi da gine-gine, suka sami abin aika wa iyayensu.

Na biyu, baƙon da ya je ba ya yin yadda ya ga dama. Sai da takardar izini mota ke shiga, kuɗin kuma ya taimaka wajen kula da wuraren. Ba a tsintar itacen wuta a daji, ba a kuma shigo da itace daga waje sai wanda hukuma ta amince da shi, domin ƙwaron da ke kashe itatuwa a cikin itacen wuta ya kan yi tafiya. Mai jirgin ruwa dole ya cire ciyawar da ta maƙale, ya zubar da ruwan ciki, kafin ya kai shi wani tafki. Kifi ma da iyakar adadin da mutum zai ɗauka. Wanda ya saba da waɗannan dokoki tun yana yaro, wuya ne ya girma ya yarda a sare dajin. Ashe zuwan jama'ar ma wani shinge ne.

Ba za mu ɓoye muku inda masu suka suke da gaskiya ba. Ƙasar a dā ta mutanen Ojibwe ce. Wani daga cikinsu ne, Ozawindib, ya kai Henry Schoolcraft bakin tafkin a 1832, amma yarjejeniyoyin da aka yi da gwamnati daga baya sun raba su da yawancin ƙasarsu. Keɓe daji ba tare da jin bakin masu wurin ba zalunci ne, komai kyawun niyya.

Akwai kuma kuskuren masu kula da gandun. Shekaru da yawa sun hana wuta taɓa dajin sam, suna tsammani kiyayewa ke nan. Ashe ƙwayar fayin tana bukatar ƙasa a share da hasken rana kafin ta tsiro, wutar da kan bi dajin jefi-jefi ce ke share mata wuri. Bareyin can kuma suka yi yawa suna cinye 'yan tsiron. Tsofaffin itatuwa na faɗuwa, babu na maye gurbinsu. Sai aka koma dasawa, da kange ƙanana, da barin farauta a ƙayyadadden lokaci, da sa wuta a ɗan yanki da ma'aikata tsaye a kai. Kada wani ya ce mun ba da izinin ƙunar daji. Kowane daji da halinsa, wutar neman ɓera daban ta ke da wadda aka auna aka tsare. Abin koyi shi ne, keɓewa kaɗai ba ta isa ba, sai da aiki da lura.

Saboda haka, in maganar itatuwan bakin rafi ko tafki ta taso a taron ƙungiyarku, wani ya ce a sare a raba kuɗin, ku tambaye shi abu biyu. Kuɗin zai kai shekara nawa? Inuwar da ruwan kuma, wa zai biya jikokinmu? Kada kuma kowa ya ƙi zuwa taron yana cewa bakinsa ɗaya ba zai hana komai ba. A Itaska ƙuri'a ɗaya ce ta yanke magana.