Ku Bar Mana Aƙidarmu, Ku Kawo Mana Tsaro

Tun ranar 31 ga Oktoban 2025 da Donald Trump ya sake sa Najeriya cikin ƙasashen da ake tauye 'yancin addini, kakar masu taron ƙara wa juna sani ta yanke saƙa. Daga otal-otal na Abuja har shafukan Facebook zance ɗaya ake yi: wai ba za a zauna lafiya ba sai kowa ya daina cewa addininsa ne kaɗai gaskiya. Sannunku da hikima! Ku zo Tafoki, a kudancin Katsina, ku faɗa wa mutanen da ba su san barcin dare ba cewa aƙidarsu ce ta hana su zuwa gona.

Duk wanda ya san kudancin Katsina ya san ba jiya Musulmi suka fara zama da Kiristoci Hausawa, jikokin Maguzawa, ba, daga Malumfashi da Ƙafur har Ƙanƙara. Liman ya sakankance fasto yana kan ɓata, fasto ma haka yake kallon liman, kowa na yi wa ɗan'uwansa fatan shiriya. Duk da haka a kasuwar Sheme tare suke ciniki, su haɗu a gayya, su je wa juna ta'aziyya. Babu wanda ya rage komai daga imaninsa. A 2023 Fafaroma ya naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe, bishop na Katsina, ba a ɗaga ko tsinke ba.

To, wa ke kashe mu? Waɗanda suka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamban 2020 ba su tambayi kowa mazhabarsa ba. A Janairun 2023 'yan bindiga sun shiga coci a yankin Ƙanƙara sun tafi da masu ibada. A Agustan 2025 sun buɗe wa masu sallar Asuba wuta a Unguwan Mantau. Bindiga ɗaya ce, buƙata ɗaya: kuɗin fansa, shanu, da harajin da ake biya kafin a girbe amfanin gona daga Faskari zuwa Sabuwa.

Za a ce ai ga Maitatsine, ga Boko Haram. Mun ji. Mai son zubar da jini ba ya rasa hujja, kuma ba don shi za mu zubar da abin da muka gada ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wasu malaman da ke zama a sahun gaba a waɗannan taruka. Mutum zai riƙe hannun bishop a ɗauki hoto, ya sha shayi, ya karɓi alawus, ya dawo gida ya ce sallah ba ta yi a bayan maƙwabcinsa. Tun 1978 da aka kafa Izala a Jos muke wannan ja-in-ja da 'yan ɗarika. Ƙauye ɗaya masallatan Juma'a biyu, an ɓata zumunci kan ƙabalu da sadalu, an hana aure, an ƙi cin yankan juna. Su waɗannan ne yau za su koya mana haƙuri da wanda ba addininmu ɗaya ba? Manomin Tafoki ya fi su sanin wannan darasi, kuma ba a taɓa biyansa ko sisi ba.

A Satumban 2025 an yi zaman sulhu a Faskari, jagoran 'yan bindiga Ado Aleru ya halarta, 'yan bindiga rataye da makamansu. Ba a sa su ajiye komai ba. Mu ne ake so mu ajiye aƙida.

Gwamna Dikko Radda, da masu kashe kuɗi a tarukan Abuja: imaninmu bai dame ku da komai ba. Ku tsare mana hanyar gona, da masallaci, da coci.