Dakoro da Barmo: taswirar ofis daban, hanyar shanu daban

Makon jiya na tambayi abokai biyar a fada, duka 'yan Maraɗi masu digiri: departama nawa ne a jaharmu? Mutum ɗaya ne ya kawo takwas ɗin: Agye, Barmo, Dakoro, Gazawa, Gidan Runji, Madarunfa, Mayahi da Tasawa, ban da birnin Maraɗi da ke da nashi matsayi. Ban yi musu dariya ba, don ni ma sai da aiki ya kai ni arewa na sani.

A 2011 aka ƙara yawan departamomin Nijar daga 36 zuwa 63. Lokacin ne aka ciro Gazawa daga Agye, aka ciro Barmo daga Dakoro da komin biyu kacal: Barmo da Gadabeji. Hujjar ita ce a kawo hukuma kusa da talaka, kuma ni ban ƙi wannan hujja ba. Wanda ya taɓa biyan kuɗin mota da kwana a tasha don takardar haihuwa guda ya san amfaninta.

Amma ku dubi ƙasar kanta. Kudancin Dakoro, wajen Kornaka da Sabon Mashi, gonakin hatsi ne. In ka yi arewa ka sauka kwarin Tarka, ƙasar kiwo ce ta Fulani da Buzaye har gandun dajin Gadabeji. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa don a bar wa dabbobi wurinsu. Yau gonaki sun tsallake ta, kowa ya sani. Kuma manomin nan ba mugu ba ne, gonar ubanshi ce ta gaji, 'ya'ya suka yi yawa. Makiyayi kuwa da damina yana arewa, bayan girbi ya gangaro kudu, wani har Najeriya. Cikin tafiya guda zai ratsa komin da yawa da departama biyu ko uku. In an toshe mishi burtali a nan, rijiyarshi tana can, hardonshi yana wani wuri, wa zai kai wa kuka? Magajin garin da bai zaɓa ba? (Kai, tun da aka rushe majalisun komin a Afrilun 2024, kantomomi ne ma ke riƙe da su.)

Shi ya sa in na ji matasa suna cewa "mu ma a ba mu departama", nakan ce: a ba ku, sai me? Ofishin farfe da tuta ba su hana faɗan burtali. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye, waɗanda muke ce wa Kofo, kuma akwai su daga departama har ƙauye, su ne masu shata burtali da rubuta shaidar gona. Su nake so a ba kuɗin aiki, kuma na Dakoro da na Barmo su riƙa zama teburi ɗaya kan kwarin Tarka kafin shuka, ba bayan an zubar da jini ba.

Ku da ke da dangi a can, ku buga waya ku tambaya: yaushe Kofon ƙauyenku ya yi zama na ƙarshe, kuma akwai makiyayi ko mace a ciki? Ku aiko mana amsar, za mu tattara komin bayan komin.