HIRAR GIDA: Kyautar Disamba, A Oktoba A Ke Shuka Ta

Ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, dawa tana jiran yanka, iskar asuba kuma ta soma sanyi. Saura wata biyu da 'yan kwanaki a yi Kirsimeti, bayansa kuwa ga bukukuwan aure da a kan tara a rani. Kowane maigida da uwargida sun san abin da ke tafe, watau lissafin kyauta. Me za a kai wa surukai? Me za a ba malamin yara? Maƙwabcin da ya aiko mana da naman layya da Babbar Salla fa, da me za mu rama masa?

Yawancinmu sai wajen 20 ga Disamba mu ke tuna waɗannan tambayoyi. Sa'an nan a ci bashi, a hau mota ta Wudil zuwa Kano, a kutsa Kantin Kwari ko Sabon Gari, a sayo atamfa mai araha da kwanon roba, a komo gida a gajiye. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin motar ma kaɗai ya zama abin tunani. Janairu na kamawa sai ga kuɗin makaranta, ga mai bin bashi yana sallama a ƙofa. Kwanon robar kuwa kafin damina ya tsage.

Mu a gidanmu, nan tsakanin Gaya da Ajingi, mun daɗe da barin wannan hanya. Kyautarmu daga gefen gida ta ke fitowa, da hannun mutanen gida, da wani tsohon littafin rubutu mai baƙin bango. Ba sana'a ba ce, gama ba mu kai kome kasuwa. Sha'awa ce ta maraice da ta ranar Asabar. Amma ita ce ta raba mu da bashin Disamba.

Bari mu fara da lambu, tun da ya ke shi ne ba ya jira.

Mutanen fadama, irin waɗanda ke gefen kogin da ya taso ta Wudil ya bi ta wajen ƙasar Ajingi ya nufi Ringim da Haɗeja, su ba su bukatar wa'azina. Kakanninsu da jigo suka yi ban ruwa, su kuma yau da inji su ke yi. Maganata da mu ce, mutanen jigawa, masu ƙasa mai rairayi wadda ke shanye ruwa kamar ba a zuba ba. Mu ne mu kan ce lambun rani ba namu ba ne. To, namu ne, in dai ba mu yi haɗama ba. Fangali huɗu sun isa gida, kowane taku uku a tsawo, taku ɗaya a faɗi, yadda hannu zai kai tsakiya ba sai an taka ba. A yi shi ya ɗan nutsa ƙasa, a ɗaga masa gefe, domin ruwa ya tsaya a ciki. Kunya mai tudu ta damina ce. A rani ɓarnar ruwa ce kawai.

Rairayi ba ya riƙe kome sai an ba shi taki. Takin awaki da ya kwana biyu shi ne sarki. Kashin kaji yana da ƙarfi, amma ɗanyensa ya kan ƙone shuka, sai a tara shi da shara da ɗan toka, a riƙa yayyafa ruwa, a bar shi ya ruɓe kamar wata guda. Bayan an yi shuka a rufe fuskar fangalin da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa. Wannan kaɗai ya kan rage jan guga ƙwarai.

Ga wata dabara ga wanda rijiyarsa ke da nisa. A sami tulun ƙasa, a binne shi har wuya a tsakiyar fangali, a cika shi da ruwa, a rufe bakin da murfi domin sauro. A dasa tumatir ko tattasai kewaye da shi. Ruwan ya kan tsattsafo ta jikin tulun a hankali, daidai inda saiwa ta ke, rana ba ta sha ba, iska ba ta kwashe ba. Bayan kwana biyu ko uku a duba a ƙara. Wudil garin tukwane ne, kasuwarta kuma ran Juma'a ta ke ci; tulu bai yi mana nisa ba.

Sai a san abin da zai kai Kirsimeti da abin da ba zai kai ba. Alayyafo wata guda ya isa tsinka. Latas kamar mako shida zuwa takwas. Karas ya kan nemi wata uku. Albasa ba za ta yi kai ba tukuna, amma lawashinta zai samu. Tumatir kuwa, sai ya yi mako uku ko huɗu a wurin reno kafin dashe, sa'an nan ya ƙara fiye da wata biyu kafin ya nuna. Wanda ya yafa iri a farkon Oktoba yana iya ganin jan fari a ƙarshen Disamba. Wanda ya makara kada ya damu, nasa na bikin Janairu ne da Fabrairu.

Tumatir yana da maƙiyi wanda iyayenmu ba su sani ba. A shekarar 2016 wata 'yar tsutsa da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a Kadawa da Kura da sauran wurare, har Jihar Kaduna ta yi shelar ta-ɓaci a kanta. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne. Uwarta ƙaramin malam-buɗe-littafi ne na dare, tsutsar kuwa cikin ganye ta ke shiga ta yi ta ci, shi ya sa magani ba ya samunta da sauƙi. A nan mai fangali huɗu ya fi mai eka goma sa'a, gama yana iya duba ganyensa ɗaya-ɗaya kowace safiya. Wanda aka ga ya yi farin tabo kamar an kankare shi, a tsinke a ƙone. A daka 'ya'yan darbejiya cikin tafi biyu, a jiƙa a bokiti ya kwana, a tace, a yayyafa da maraice. Ba ya kashe ta duka, amma yana rage ta. Kada kuma a maimaita tumatir a fangalin bara, ko a bi shi da gauta, domin dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya.

In kaya suka nuna gaba ɗaya fa, ga shi ba firji? Maƙwabtanmu na Dutse sun ba da amsa. Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a can, shi ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Ruwan da ke bushewa ta jikin babbar shi ke janye zafi daga ƙaramar. A gwajinsa gauta ya yi kwana 27 maimakon kwana 3. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo saboda wannan. Abin da ya fi ƙarfin tukunya kuma a yanka a shanya, ya zama kauɗa.

Akwai dalilin da ya sa na fi son kyautar lambu ga maƙwabta, zan kuwa faɗe shi a fili. A wannan yanki mu kaɗan ne cikin 'yan'uwanmu Musulmi. Wani in ka aika masa da naman Kirsimeti ya kan shiga tsaka mai wuya: yana jin nauyinka, yana kuma tunanin wa ya yanka. Bai kamata mu ga laifinsa ba. Amma faifai cike da latas da karas da lawashi, babu gidan da zai tsaya tambaya a kansa. Uwargida za ta karɓa da hannu biyu, gobe kuma ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman yara, wannan latas ina kika sami irinsa?" Zumunci ya samu ƙofa ke nan.

Faifan ma kansa kyauta ne. Kada a ce a dawo da shi. Wadda ta iya ɗinkin faifai da kaba ta fara tun yanzu, ɗaya a mako, kafin Kirsimeti tana da takwas. Mu tuna lefe ma da mu ke ta sayen akwatuna dominsa, asalinsa kwandon kaba ne. A duba kuma abin da damina ta bari a jikin danga: soso ya bushe, a ɓare a wanke, duma ya ƙosa, a fafe ƙwarya da ludayi, yakuwa ta yi zoɓo, a shanya a inuwa domin kada jan ya dushe, lalle a tsinke a daka, kyautar amarya ke nan. 'Yan mata masu kwarashi su saƙa hular jariri da safa, sanyi yana zuwa.

Maza kada su ce wannan aikin mata ne. Tufkar igiyar rama da ɗinkin hula da sassaƙar muciya, maza aka sani da su. Balle mu mutanen Gaya. Bisa ga abin da aka gada na tarihin baka, wani maƙeri mai suna Kano ne ya tashi daga Gaya ya tafi Dutsen Dala neman tama, zuriyarsa su ne Abagayawa, birnin kuma ya ci sunansa. Garin da a ke danganta shi da maƙera, abin kunya ne a ce ɗansa bai iya sa wa fartanya ƙota ba.

Yanzu sai littafin nan mai baƙin bango. Wasu za su ce ina ruwan lambu da alƙalami? To, wa zai tuna ranar da ya yafa albasa bara waccan, da ranar da tsutsa ta fara, da wane fangali ne ya ɗauki tumatir? Kai ba ya riƙe wannan. Mu kan rubuta layi biyu ko uku bayan cin tuwon dare: kwanan wata, abin da aka yi, abin da aka gani. A bayan littafin akwai sunayen waɗanda aka yi wa kyauta da abin da aka ba su, domin kada a kai wa gwaggo ludayi shekara uku a jere.

Da sannu littafin ya kan wuce maganar lambu. Kaka ta faɗi yadda a ke miyar da yanzu ba a yi, sai a rubuta. Ta ja wani karin magana da yara ba su taɓa ji ba, a rubuta. Ta lissafa sunayen kakanni da ƙauyen da suka taso, wannan kam a bar kome a rubuta, gama ranar da ta tafi babu wanda za a tambaya. Kada wani ya ce shi ba marubuci ba ne. Sa'ad da aka yi gasar rubutun Hausa a Zariya a 1933, Abubakar Imam malamin Midil ne a Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma malamin Midil a Bauci. Suna kan aikin koyarwa suka rubuta Ruwan Bagaja da Shaihu Umar. Namu ba zai kai ɗab'i ba, amma jikoki za su karanta shi da marmarin da ba za su yi wa wani littafi ba.

Roƙona ɗaya, a sa wa haruffa ƙugiyarsu. Wayar hannu ta koya wa yaranmu rubuta ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa. Akwai bambanci tsakanin "na aiko miki da kaya" da "na aiko miki da ƙaya," suruka kuwa ba ta da haƙurin tantancewa.

Inda lambu da hannu da alƙalami su ke haɗuwa sosai shi ne kyautar iri. Ita ce mafi arha, ita ce kuma ta fi daɗewa. Sai dai a kula. Irin gwangwani ko na fakiti da aka rubuta wa F1, watau na aure, 'ya'yansa ba su kan yi kama da uwa ba, saboda haka ba a ajiye shi. Na gida a ke ajiyewa. Kuɓewa a bar ta ta bushe a jikin uwarta har ta soma tsagewa. Alayyafo a yanke kan da ya ƙosa a murje. Tumatir a zaɓi mafi kyau daga shuka mafi lafiya, a matse cikinsa a ƙoƙo, a bar shi kwana biyu ko uku ya yi kumfa, a wanke, a shanya a inuwa. In sun bushe ƙayau a zuba a kwalba da ɗan toka, a toshe. Irin albasa ba shi da tsawon rai. In ya shekara, da yawa ba ya fitowa, don haka shi kam a bayar da sabo.

A yanka takarda, a naɗe iri kamar ƙullin magani, a ba yaron da ya fi kyan rubutu ya rubuta a bayanta: sunan irin, shekarar da aka ɗebe shi, watan shuka, da gidan da ya fito. In kuɓewar ta kaka ce da ta zo da ita daga ƙauyensu, a faɗa. Sa'an nan a haɗa da 'yar wasiƙa, ko da layi biyar ne, ta gaisuwa da tambayar lafiyar kowa da sunansa. Ƙaramin da bai iya rubutu ba tukuna a ba shi ya zana tumatir a ƙasan takardar.

Wanda ba shi da irin gida bana, ya tambayi tsofaffin mata a Zumuntar Mata ko a unguwa. Da wuya a rasa mai ƙullin kuɓewa ko kabewa a ƙasan adaka. A wannan mako a haƙa fangali, a jiƙa taki, a yafa latas da tumatir. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi maganar dashe, da yadda a ke kare lambu daga kaji da awakin maƙwabta ba tare da an ɓata da kowa ba.