Ɗakin Gwaji: Me ya sa jirginka ke tsayawa a hanya?

Wani ɗan kulob ɗin JETS daga Kiru ya rubuto cewa sun haɗa ɗan jirgin ƙasa na wasa, sun shimfiɗa masa dogo da waya biyu a kan katako, sun jona batir huɗu. Sai ya ɗan taɓa tafiya ya tsaya cak, in ya zo kwana kuma ya kife. Har sun fara karo-karon sayen sabon inji.

Ku riƙe kuɗinku tukuna. Ku cire ɗan injin, ku jona shi da batir kai tsaye. In ya juya, to lafiyarsa ƙalau, laifin yana tsakanin taya da dogo. A irin wannan jirgi wuta kan shiga ta dogo ɗaya, ta hau tayar ƙarfe, ta ratsa inji, ta koma ta ɗaya dogon. Batir huɗu volt 6 ne kacal, ƙura kaɗan ta isa ta datse shi, kuma kun san hunturu daga Bebeji har Doguwa ba ya barin komai fes. Ku goge dogo da tayoyi da robar goge fensir, ku bi da busasshen ƙyalle. Kada ku shafa musu mai, ƙura yake tarawa. Wayar tagulla ta fi ta alminiyam, domin alminiyam kan yi wata 'yar fata da ba ta barin wuta ta wuce.

In batir na ɗaukar zafi jirgi bai motsa ba, duba sandar da ta haɗa tayar hagu da ta dama. In ƙarfe ce zalla, wuta na bin ta ta koma ba tare da ta je inji ba. A raba tsakiyarta da bututun biro.

Batun kifewa kuwa, awo ne. Dogon da ya iso Kano a 1911 tazararsa milimita 1,067 ce, haka take daga farko har ƙarshe. Naku ma ku yanka ɗan kara daidai tazarar, ku bi da shi taku-taku, musamman a kwana da wurin da waya biyu suka haɗu. Ku faɗaɗa kwanar, ku ɗaura noti ɗaya ko biyu a ƙasan jirgin don ya danne dogo.

Wutar soket dai kada wanda ya kusance ta da wannan aiki, tana kisa. Sai mako mai zuwa.