Kunya Ce Ke Ba Ɓarawon Asusu Lokaci

Sanin kowa ne cewa idan ɓarawo ya haura gida a Gyadi-Gyadi ko Tarauni, mai gida ba ya tsayawa shawara kafin ya yi kururuwa, nan da nan maƙwabta su fito a tare lunguna. Abin mamaki kuwa shi ne, idan aka ƙwace wa mutum asusunsa na WhatsApp ko Facebook, sai ya ja bakinsa ya yi gum, wai yana jin nauyin a ce an yi masa wayo. Wannan shirun shi ne babban jarin mai kutse, domin duk sa'ar da ta wuce ba a yi shela ba, ɓarawon na can yana magana da 'yan'uwa da abokan arziki da sunan mai asusun.

Kafin a gane illar shirun, ya kamata a san yadda satar ke aukuwa. Asusu ba a cikin waya yake zaune ba. Rajistarsa tana cikin manyan kwamfutocin kamfani, kuma lambar waya ita ce makullinsa. Duk lokacin da aka nemi buɗe WhatsApp a sabuwar waya, kamfanin yakan aika da lambobi 6 zuwa layin mai asusun don ya tabbatar da cewa shi ne. Lambobi 6 suna iya jeruwa ta hanyoyi 1,000,000, saboda haka canki-canka ba ya fisshe ɓarawo. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya sa mai asusun ya karanto masa su da bakinsa. Sai ya bugo waya cikin ladabi, ya ce daga zauren tsofaffin ɗalibai ne ko na ƙungiyar unguwa, za a yi taro ta intanet da dare, an turo lambar shiga taro, a taimaka a faɗo ta. Da an faɗa, shi ke nan, an miƙa makulli. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wanda wannan ta rutsa da shi ba wawa ba ne. A watan Yuli na 2020 an kutsa cikin asusun Barack Obama da Bill Gates da Elon Musk a shafin Twitter, wanda yanzu ake kira X, aka yi amfani da sunayensu aka karɓi kuɗin jama'a fiye da dala 100,000. Bincike ya nuna cewa ma'aikatan kamfanin aka yaudara ta waya, kuma jagoran aikin wani yaro ne ɗan shekara 17 a jihar Fulorida ta Amurka. To, idan ƙwararrun da ke gadin ƙofa sun ruɗu, ina dalilin da malamin makaranta ko ɗalibi zai ɓoye fuska?

Alamomin kutse ba su da wuyar ganewa ga mai lura. Akwai zuwan lambobin tabbatarwa alhali mutum bai nema ba. Akwai sanarwar cewa an yi rajistar lambarsa a wata waya, ko ya ga kalmar sirrinsa ta daina aiki. Wani lokaci sai ya tarar da saƙon da bai rubuta ba, ko baƙuwar na'ura a jerin na'urorin da ke haɗe da asusunsa. Idan kuma layi ya ɗauke gaba ɗaya alhali na maƙwabta na aiki, mai yiwuwa ne wani ya je an sabunta masa layin da sunan mai shi, wanda hakan ya fi komai haɗari, tunda ta layin ne saƙonnin banki ke zuwa. Da yawa idan sun ga haka sai su garzaya kasuwar waya ta Farm Centre neman mai gyara, alhali wayar lafiyarta ƙalau, asusun ne ya tafi.

Wajen WhatsApp, ɓarawo ba ya samun tsofaffin hirarraki, domin suna cikin wayar mai su. Abin da yake samu shi ne zauruka da lambobin mutanen da ke cikinsu, da kuma yardar da suka yi wa mai asusun. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana cewa an kwantar da mahaifiya, a ranta masa kuɗin magani kafin gobe. A unguwannin da ke maƙwabtaka da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda kullum ake ganin masu jinya na faɗi-tashin kuɗin magani, wa zai ji irin wannan ya ƙi taimakawa? Ke nan asarar takan faɗa kan mutanen kirki, su ne kuma shirun mai asusun ke cuta.

Saboda haka matakin farko shi ne shela. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A kira 'yan'uwa, a sa wani ya sanar a zauruka, a roƙi shugaban zaure ya fitar da lambar. Na biyu, a sake shigar da lambar a WhatsApp, a sa sababbin lambobi 6 da za su zo ta layi, wanda yin hakan ke korar ɓarawon nan take, ko da ya ɗora nasa makullin na biyu wanda zai sa a jira kwana 7 kafin a shiga. Na uku, a sanar da banki a rufe asusun ajiya idan ana zargin an taɓa layi, a kuma je ofishin kamfanin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa. Sannan a canza kalmomin sirri, a fara da na imel, a adana hoton saƙonnin da lambar asusun da ɓarawon ya bayar, a kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri ko tara kan irin wannan aika-aika.

Wani zai ce gargaɗi ya isa, tunda bankuna kullum suna aiko da saƙon kada a ba kowa lambar sirri ko BVN. Haƙiƙa suna yi, amma saƙon yakan zo da Turanci, kuma yana faɗin abin da za a guje wa ne kawai, ba ya faɗin abin yi bayan ta auku. Wannan giɓin makarantun sakandare ne suka fi dacewa su cike shi, domin a gidaje da dama ɗalibi ne ke buɗe wa uwa da uba asusu. Darasi ɗaya ya isa a nuna wa ɗalibai yadda ake kunna makulli na biyu, wanda WhatsApp ya samar wa kowa tun 2017, su kuma su je gida su kunna wa iyayensu. A kuma koya musu ƙa'ida guda: duk wanda ya nemi kuɗi ta saƙo, a kira shi a yi magana da shi baki da baki kafin a tura ko kwabo.

Haka nan malamai da shugabannin zauruka su daina yi wa wanda aka yaudara dariya. Wanda ya fito ya faɗa da wuri ya tsare aljihun mutane masu yawa, godiya ta kamace shi. Muddin ana yi wa irinsa ba'a, na gaba zai yi shiru, ɓarawo kuma ya sami kwana biyu yana karɓar kuɗin unguwa.