Kpandai: Ƙasar Wa Ce, Sarautar Wa Ce?

Duk wanda ya bi hanyar Salaga zuwa Kpandai a lokacin kaka, abin da zai fara cin karo da shi shi ne manyan motoci shaƙe da doya suna gangarawa kudu. Amma a ƙarƙashin wannan albarka akwai wata tsohuwar tambaya da ta sha cin rayuka, wato wane ne mai ƙasar da doyar ke fitowa, kuma wa ya kamata a faɗi a gaisar? A namu ganin, babakeren da wasu ƙabilu suka yi a kan wasu a arewacin Gana ya samu gindin zama ne a kan takarda tun kafin a ɗauki bindiga, don haka a kan takarda ya kamata a fara warware shi.

Idan ba a manta ba, kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Kpandai tana cikin Togo ne a hannun Jamusawa, ita kuwa Salaga tana ɓangaren Turawan Ingila. Bayan an ci Jamus da yaƙi yankin ya dawo hannun Ingila, kuma da suka shimfiɗa mulkin ta-hannun-sarakuna a farkon shekarun 1930, irin wanda suka gwada a arewacin Nijeriya, sai suka duba inda ake da manyan gadajen sarauta suka rataya musu kowa da kowa. Ta haka ne 'yan ƙabilar Nawuri da Nchumuru suka shiga ƙarƙashin hukumar gargajiya ta Gonja, Konkomba suka shiga ƙarƙashin Dagomba da Nanumba, su kuma Kusasi na Bawku aka ɗora musu sarautar da ke karɓar naɗi daga Nayiri, sarkin Mamprusi. Bature ya nemi sauƙin karɓar haraji ne kawai, amma abin da ya rubuta ya zama shi ne tarihin da ake kafa hujja da shi a kotu.

Babakere ba sai an ga soja a ƙofar gida ba. Shi ne manomi ya kai doya da cinyar naman da ya farauto gidan sarkin da ba ya jin yarensa, shi ne a kai rigimar aurensa fadar wata ƙabila a ci shi tara, shi ne kuma a kira mutanensa marasa sarki, alhali suna da dattawa da masu kula da ƙasa tun kaka da kakanni. Har zuwa farkon shekarun 1990, ƙabilu huɗu ne kacal, Dagomba da Gonja da Mamprusi da Nanumba, ke da manyan sarakuna a Jihar Arewa. Da aka fara mayar wa masu gargajiya ikon ƙasar arewa daga hannun gwamnati a ƙarshen shekarun 1970, sai lissafin ya fito fili: wanda ba shi da babban sarki ba shi da ƙasa.

Masu iya magana kan ce ruwa ba ya tsami banza. A watan Afrilun 1991 faɗa ya ɓarke a Kpandai tsakanin Nawuri da Gonjawa, bayan ƙungiyar matasan ƙasar Gonja ta shirya yin taronta a garin, abin da Nawuri suka ɗauka a matsayin cewa ƙasar ba tasu ba ce. An sake gwabzawa a watan Yuni na shekarar, aka kuma sake a 1992. Gwamnatin Rawlings ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Ampiah, kwamitin ya miƙa rahotonsa, amma ba a aiwatar da shi ba. Shekara biyu bayan haka, a farkon 1994, gardama a kan cinikin zabo a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbilla ta zama yaƙin da ya haɗa Konkomba da Nanumba da Dagomba da Gonjawa. Aƙalla mutum 2,000 suka rasu, ƙauyuka fiye da 400 suka ƙone, sai a 1996 aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu a Kumasi. An ɗora wa zabo laifi ne kurum. A 1993 Konkomba sun nemi a ba su babbar sarauta tasu a Saboba, aka ƙi, kuma nan ne wutar ta fara ci.

Labarin Bawku ya ƙara nuna mana yadda alƙalamin Accra ke juya gadon sarauta. A 1958 gwamnatin Nkrumah ta amince da sarkin Kusasi, sojojin da suka kifar da ita a 1966 suka mayar wa Mamprusi, gwamnatin PNDC kuma ta sake mayar wa Kusasi a 1983. Muddin kowane ɓangare yana ganin canjin gwamnati zai dawo masa da kujera, babu wanda zai haƙura. A Yendi ma, inda rigimar ta cikin gida ce tsakanin zuriyar Abudu da ta Andani, kisan Ya Na Yakubu Andani na Biyu a watan Maris na 2002 ya bar gadon sarautar ba sarki har zuwa Janairun 2019. Abin lura shi ne, sulhun da ya kai ga naɗa sabon Ya Na ya fito ne daga zaman manyan sarakuna ƙarƙashin jagorancin Asantehene, bayan shekaru ana ja-in-ja.

To, a ce an raba Kpandai da Salaga shi ke nan? A 2008 an ba Kpandai gundumarta daga Gabashin Gonja, kuma da aka ƙirƙiro Jihar Savannah a 2019 Salaga ta tafi can, Kpandai ta zauna a Jihar Arewa. Wannan ya rage zafi, amma shata iyakar gunduma ba ya faɗin wane ne mai ƙasa. Ga kuma wani sabon lissafi: Nawuri na cewa su ne 'yan asali, amma Konkomba da suka shigo noman doya su ne mafi yawa, kuma ƙuri'a yawa take bi. Wanda ya kuɓuta daga danniyar rawani yana iya wayar gari a ƙarƙashin danniyar akwatin zaɓe, wanda aka danne jiya kuma yana iya zama mai danne wani gobe.

Mu mutanen zango bai kamata mu yi zaman 'yan kallo ba. Kakanninmu fataken goro ne suka raya kasuwar Salaga, amma gaskiya ɗaya ce, a wannan kasuwa an sayar da bayi, da yawansu daga cikin ƙabilun da ake kira marasa sarki. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa zangonmu zuwa Kete-Krachi da Yeji, dokar korar baƙi ta 1969 kuma ta ɗanɗana mana abin da ake ji idan aka ce wa mutum ba shi da tushe a inda aka haife shi.

Saboda haka muna kira ga gwamnati da Majalisar Sarakuna ta Ƙasa da su tsaya a kan batun ƙasa a Kpandai, a zauna da Nawuri da Gonjawa da Nchumuru da Konkomba, a rubuta abin da aka amince da shi: haƙƙin mai ƙasa, da haƙƙin manomin da ya yi shekara da shekaru yana nomanta. 'Yan siyasa kuma su daina alƙawarin sarauta a dandalin kamfe. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.