Kyanwa Mai Fuka da Shakkar Magani

Duk wanda ya taɓa ganin kyanwarsa ta durƙusa, wuya a miƙe, tana haki saboda fuka, zai fahimci hikimar likitan dabbobi da ya rubuta mata prednisolone, maganin da ke kwantar da kumburin hanyoyin numfashi. Lalle fargabar masu kiwo tana da hujja, domin idan aka daɗe ana ba ta shi, ƙishirwa da yawan fitsari kan biyo baya, garkuwar jiki ta raunana, wani lokaci har ciwon sukari ya ɓullo. Amma a ganina, hana ta magani saboda tsoro tauye haƙƙin dabbar da Allah Ya ba mu amanarta ne, alhali ana iya rage adadinsa sannu a hankali bisa umarnin likita, ba a yanke shi dare ɗaya ba.